Canon G12 ta 2010 ko EOS R50: me zan samu idan na canza, me kuma zan rasa?

Mai Allura

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sani. Ina da Canon PowerShot G12, har yanzu lafiyarta ƙalau, da filasha Speedlite 430EX II. Aiki uku nake sa ta. Na farko hoton ɗinki da aikin zare kusa-kusa, don mai saye ya ga hannun aikin. Na biyu hoton suna da walima na dangi, galibi a cikin ɗaki ko ƙarƙashin rumfa bayan magariba. Na uku gajeren bidiyo na nuna kaya. Hotunan taro ana wanke su 4x6, wasu kuma 8x10.

Abin da ke damuna shi ne da dare fuskoki na fitowa da tsaki-tsaki, yaro in ya motsa kaɗan sai hoton ya ja, bidiyon kuma ba ya da kyan gani a manyan wayoyin yanzu. An nuna mini Canon EOS R50 da lensin da ake haɗa ta da shi, 18-45mm. Kuɗin hannuna zai sayi su biyun, ya yi saura kaɗan. Shin canjin zai magance waɗannan matsalolin? Filashata za ta hau kanta? Akwai abin da G12 ta fi ta da shi? Allah ya saka da alheri.

Ɗan Studiyo

Wa alaikumus salam Hajiya. Canjin zai yi miki amfani, amma ba duk amfanin ke cikin kwalin da aka nuna miki ba. Bari in fara da inda tsaki-tsakin yake fitowa.

Sensar G12, wato farantin da haske ke sauka a kansa, faɗinta wajen milimita 7.5 ne, tsayinta wajen 5.6. Ta R50 kuwa milimita 22.3 ne da 14.9. Idan aka lissafa fili, ta R50 ta ninka ta G12 kusan sau 8. Shi ya sa a ISO ɗaya, wato ma'aunin yadda sensa ke jin haske, hoton R50 ya fi tsabta nesa ba kusa ba. G12 tana yin kyau a ISO 80 zuwa 200, ana iya haƙuri da 400, daga 800 zuwa sama kuma fata ta fara lalacewa, ƙananan layukan atamfa su shafe. R50 a ISO 3200 tana ba da hoton da za a wanke 8x10 ba tare da kunya ba, 6400 ma yana shiga in an auna hasken daidai. Ga kuma tazarar shekaru: G12 ta fito a 2010 da sensa irin ta CCD mai megafiksel 10, R50 ta fito a 2023 da CMOS mai megafiksel 24.

To amma haske ta lensi yake shiga, kuma a nan ne mutane ke yin asarar kuɗi. Lensin G12 yana buɗewa har f/2.8 in ba a janyo ba, ya koma f/4.5 a ƙarshen zum. Wannan 18-45mm ɗin kuwa daga f/4.5 yake farawa, ya ƙare a f/6.3. Lamba babba, ƙofar haske ƙarama. Tun kafin ki danna komai, lensin kwali, wato wanda ake haɗa kyamarar da shi, ya cinye fiye da sulusin ribar da babbar sensa ta kawo.

Ga misali da lambobi. A ce ɗaki ne mai ƙwan fitila ɗaya, kina son saurin shota, wato ɗan lokacin da haske ke shiga, ya zama 1/125 na daƙiƙa don kada motsin yara ya ja. Idan 18-45 a 45mm, f/6.3, ya buƙaci ISO 12800 a wannan hasken, to G12 a f/2.8 za ta buƙaci kusan 2500, wanda a wurinta ya riga ya zama dusa. Amma ki ɗora RF 50mm f/1.8 STM a kan R50, ki buɗe shi duka, ISO zai sauko wajen 1000. Hasken da f/1.8 ke shigarwa ya ninka na f/6.3 sau 12. Kyamara ɗaya, ɗaki ɗaya, amma hoto biyu da ba su yi kama da juna ba. Wannan 50mm yana cikin mafi arha a duk lensunan RF, wato masu hawa R50 kai tsaye, nauyinsa giram 160 kacal.

Yana da nasa sharaɗi biyu. Na farko, a kan R50 ana ninka lambar lensi da 1.6, don haka 50mm yana gani kamar 80mm a ma'aunin kyamara mai cikakkiyar sensa. In kika tsaya mita 3 daga mutane, faɗin da zai shiga hoto bai wuce mita 1.3 ba, mutum biyu ke nan daga ƙugu zuwa sama. Hoton mutum ɗaya daga kai har ƙafa, da kyamara a tsaye, yana son ki ja baya mita 4 zuwa 4.5. Ba kowane ɗaki ke da wannan filin ba. A mita 3 ɗin nan, 18mm yana ɗaukar faɗin mita 3.7, saboda haka kada ki raina lensin kwali, shi ne na hoton taron dangi. Na biyu, a f/1.8 daga nisan mita 2, abin da zai fito tas daga gaba zuwa baya bai wuce santimita 11 ba. Mai jego za ta fito, wadda ke bayan kafaɗarta ta dushe. Mutum ɗaya f/1.8 zuwa f/2.2, mutum biyu a jere f/2.8, sahu biyu ki koma 18mm a f/5.6, inda komai daga mita 1.5 zuwa bango zai fito.

Batun yara masu motsi kuma, a nan R50 ta yi wa G12 fintinkau ba tare da wani sharaɗi ba. G12 tana lalube gaba da baya kafin ta kama fokas, kuma hoto kusan 2 take yi a daƙiƙa. R50 tana gane ido da fuska, ta bi su duk inda suka yi, tana iya hoto 12 a daƙiƙa. Ki sa ta a Servo AF, wato fokas mai bin motsi, ki kunna gano ido, ki zaɓi mutane a matsayin abin da za ta bi. Sai dai in RAW kike ɗauka, wato ɗanyen fayil mai nauyi da kyamara ba ta sarrafa ba, ma'ajiyarta ta wucin gadi tana cika bayan 'yan hotuna kaɗan, ta tsaya tana rubutawa a kati. Ki riƙa dannawa gajere-gajere.

Wankin hoto: G12 na ba da fiksel 3648 da 2736, ya isa 8x10 sarai. Megafiksel ba shi ne matsalarki ba. Abin lura shi ne siffa. Hoton G12 siffar 4:3 ne, in za a wanke 4x6 ana yanke kusan kashi 11 cikin 100 daga sama da ƙasa, shi ya sa wani lokaci ɗankwali ke guntulewa. Na R50 siffar 3:2 ne, yana zama daram a 4x6, amma a 8x10 sai an zubar da kashi ɗaya cikin shida na tsawonsa. In kin san hoton na 8x10 ne, ki bar fili a gefe biyu, kada ki matse mutanen ƙarshe.

Tsohon Hannu

Malam Ɗan Studiyo ya yi lissafi daidai. Ni dai 'yar'uwa zan ce kada ki sayar da G12, domin kuɗin da za a ba ki bai kai aikin da take yi ba, musamman a aikinki na farko.

Ƙaramar sensa tana da alherinta. Ainihin lensin G12 daga 6.1mm ne zuwa 30.5mm, kuma gajeren lensi irin wannan yana fito da komai tas daga gaba har baya. Wuyan riga mai aiki da ke kwance a karkace, ko hula mai zagaye, G12 a f/4 za ta nuna zaren gaba da na baya duka. Don R50 ta ba ki wannan zurfin sai kin rufe lensi zuwa wajen f/11, daga nan kuma shota ta yi jinkiri, dole ki kafa ta a kan mai ƙafa uku. Sannan G12 tana kama fokas har santimita 1 daga gilashi. Lensin 18-45 ba ya matsowa ƙasa da santimita 20 in da kansa yake neman fokas, kuma ba ya girmama abu sosai. Duk wanda ya ce lensin kwali zai fi G12 nuna ɗigon allura, bai gwada ba. Gaskiya ne a santimita 1 kyamarar kanta tana tare haske, gefuna kuma su lanƙwashe, shi ya sa ya fi a tsaya santimita 5 zuwa 10, a sa kayan kusa da taga, hasken ya zo daga gefe don zaren ya yi inuwa ya tashi.

Nisa ma haka. Zum ɗin G12 daidai yake da 28 zuwa 140mm a ma'aunin cikakkiyar sensa. Na kwalin R50 daidai yake da 29 zuwa 72mm. Rabin nisan ke nan. Wanda zai maye gurbinsa shi ne RF-S 18-150mm, kuma wannan wani kuɗi ne daban.

Abu na uku da ba a cika sani ba, shotar G12 a cikin lensi take, don haka tana tafiya da filashar cikinta har 1/2000, ko da yake da 430EX II a kai iyakarta 1/250 ne. R50 iyakarta 1/250. Da tsakar rana, mutum na tsaye a rana fuskarsa cikin inuwar hula ko mayafi, da G12 sai ki sa 1/1000, f/4, ki ɗan watsa filashar cikinta, fuska ta fito, sama ba ta ƙone ba. Akwai kuma filtar rage haske a cikinta, mai mataki 3 (kowane mataki yana rage rabin hasken), da maɓalli ake kunna ta. A R50, ISO 100 da 1/250 a rana tsaka suna tilasta ki zuwa wajen f/10, filasha kuma ta yi ta wahala kafin haskenta ya kai. Akwai yanayin filasha mai saurin shota a 430EX II, amma yana rage mata ƙarfi ƙwarai, sai kin matso kusa. Ko ba filasha ma, 50mm a f/1.8 cikin rana yana son 1/8000, saurin da R50 ba ta kaiwa sai da shotar lantarki. Ki koma f/2.8 a 1/3200, ko ki sayi filtar rage haske ta ND8 mai bakin 43mm.

Yanzu tambayarki ta filasha, wadda ita ce ta fi muhimmanci. 430EX II ba za ta yi aiki a kan R50 kai tsaye ba. Ki leƙa mazaunin filasha na G12, za ki ga ɗan ƙarfe zagayayye a tsakiya da ƙanana huɗu a bayansa. Na R50 babu su ko ɗaya, sai jerin ƙananan haƙora a can gaba. Ana buƙatar adaftar Canon mai suna AD-E1 a tsakani. Ki sa kuɗinta a lissafi tun yanzu, kuma ki tabbata mai shagon yana da ita kafin ki biya kuɗin kyamara. Haka duk wata filasha ko na'urar tayar da filasha daga nesa mai tsohuwar ƙafa.

Inda na saɓa da Malam shi ne zaɓin lensi na biyu. Ga mai ɗinki, RF 35mm f/1.8 Macro IS STM ya fi 50mm dacewa. Buɗinsu ɗaya. Amma 35mm yana matsowa har santimita 17, ya cika hoto da abin da faɗinsa bai wuce santimita 4.5 ba, alhali 50mm iyakarsa abin da ya kai santimita 9. A mita 3 yana ɗaukar faɗin mita 1.9, ya fi sakewa a ɗaki. Kuma yana da na'urar hana rawar hannu a cikinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin jikin R50 ba shi da ita, 50mm ɗin ma ba shi da ita. Ya fi tsada sosai, na yarda, amma lensi ɗaya ne da ke yin aikin biyu.

Ki kuma shirya wa canjin hannu. G12 tana da mazagin ISO nata daban a sama, na ƙara haske da rage shi daban, da wani a gaba, da wani a baya. R50 mazagi ɗaya gare ta na saiti, sauran sai ta maɓalli ko taɓa allo. Zoben da ke bakin lensi ana iya ba shi aikin ISO daga cikin menu, ki yi haka tun ranar farko.

Mai Allura

Na gode ƙwarai Malamai. Batun adaftar filasha da ban taɓa sani ba. To bidiyon fa? Kuma ana samun tsofaffin lensunan Canon na hannu da araha a kasuwa, za su hau R50?

Mai Bidiyo

Hajiya, a bidiyo babu ma gasa. G12 iyakarta 1280 da 720, hoto 24 a daƙiƙa, da zarar kin fara ɗauka fokas ya tsaya inda yake, zum na gilashi ba ya aiki, babu kuma ramin makirfo. In fitila mai ƙarfi ta shiga hoton, sensar CCD takan ja wani layin haske daga sama har ƙasa. R50 tana yin 4K har hoto 30 a daƙiƙa da duk faɗin sensa, fokas na bin fuska, akwai ramin makirfo, babu dai na abin saurare a kunne. Tana da wani yanayi na nuna kaya kusa, in kika miƙo yadi gaban lensi fokas ya bar fuskarki ya koma kansa, in kika janye ya dawo. Kamar don aikinki aka yi shi.

Abubuwan da ke ɓata wa mutane bidiyo a nan su ne waɗannan.

Wutar lantarkinmu a Najeriya da Nijar tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, fitilun LED masu arha da dogayen ƙwai suna ƙiftawa da wannan bugun. In kyamarar tana kan tsarin NTSC, wato hoto 30 ko 60 a daƙiƙa, za ki ga baƙaƙen layuka suna hawa da sauka a bidiyon. Ki shiga menu ki mayar da tsarin bidiyo zuwa PAL, ki zaɓi 25, ki sa shota 1/50. In 50 kika zaɓa, shota 1/100. Da ƙaramin janareta bugun ba ya tsayawa wuri ɗaya, don haka ki ɗauki daƙiƙa 10 na gwaji ki duba kafin ki fara. Haka a hoto ma, shotar lantarki marar ƙara tana kawo waɗannan layukan a ƙarƙashin LED, ki bar kyamarar a kan wadda ake jin ƙararta in kina cikin ɗaki.

Kati. 4K yana cin kusan megabayit 900 a minti, katin 64GB ya ƙare a wajen minti 70. Dole katin ya kasance mai alamar U3 ko V30, in ba haka ba ɗauka ta riƙa yankewa da kanta. Tsohon katin G12 ba zai iya ba. Katunan jabu sun yi yawa, ki cika sabon kati da manyan fayiloli a kwamfuta har ya cika, ki buɗe na farko da na ƙarshe ki gani ko suna nan lafiya, kafin ki amince masa da taron mutane. Ramin kati ɗaya ne a R50, babu na biyu da zai cece ki. Gaskiya ma don WhatsApp da Instagram 1080 ya wadatar, tunda su da kansu suke matse bidiyon, kuma yana cin kusan rubu'in wurin.

Zafi. Canon ta ƙayyade aikin kyamarar tsakanin digiri 0 zuwa 40, kuma kin san bazararmu takan haura 40. A 4K ƙaramin jikin nan yana ɗumama, alamar zafi ta fito, daga baya ta kashe kanta. Ki buɗe allon ya rabu da bayan kyamara don iska ta ratsa, ki kashe ta tsakanin ɗauka da ɗauka, kada ki bar ta a mota ko a rana.

Batir. LP-E17 ƙarami ne, 1040mAh, kusan ɗaya da NB-7L na G12, alhali aikin da ke kansa ya ninka. Hoto ɗari uku da wani abu ne a caji ɗaya, ƙasa da haka in da tagar leƙe kike aiki. Batir biyu shi ne mafi ƙaranci ga taro. Waɗanda ba na Canon ba galibi ba sa nuna sauran caji, sai dai kyamara ta mutu ba sallama, wasu kuma ba sa caji a cajar asali. Ana iya cajin batirin asali a cikin kyamara ta USB-C, amma sai da caja ko fawabank mai alamar PD.

Lensunan hannu kuwa, duk mai alamar EF ko EF-S yana hawa ta adaftar EF-EOS R, fokas da komai na aiki. Masu STM sun fi shiru a bidiyo, irin EF 50mm f/1.8 STM da EF-S 24mm f/2.8 STM. Tsohon EF 50mm f/1.8 II yana da ƙara, makirfo zai kwashe ta. EF-M kuma ba ya hawa ko da adafta, kada sunan ya ruɗe ki. Ki haɗa kuɗin adafta da na lensin ki kwatanta da sabon RF, in lensi ɗaya kawai za ki saya sau da yawa bambancin ba shi da yawa.

Mai Gyara

Ranki ya daɗe, ni ta ɓangaren ƙura zan yi magana, domin ita ce ke kawo yawancin kyamarori teburin gyara, musamman lokacin hunturu.

G12 a rufe take, amma duk sanda lensi ya fito ya koma yana zuƙar iska. Yashi in ya shiga haƙoran da ke tura shi, sai ta rubuta Lens error ta ƙi buɗewa. Batir da ya tsufa ma yana jawo haka, ya mutu lensi na waje, a tura shi da hannu, haƙori ya karye. Kada a taɓa tura shi. A sa cikakken batir, a kifa kyamarar, a hura iska a zagayen lensin, a kunna. Ki kuma haska gilashin gaba da tocila, ƙananan murafen da ke rufe shi sukan goge shi su bar zane in ƙura ta maƙale, kuma zanen yana sa hoto ya yi hazo in ana fuskantar haske. Ƙurar da ta kai sensar G12 ba ta fita sai an kwance ta gaba ɗaya.

R50 kuwa da zarar an cire lensi sensa a fili take, ba madubi a gabanta. Ki kashe kyamara kafin canji, ki kifa bakinta ƙasa, sabon lensi na hannu an riga an cire murfin bayansa, a cikin ɗaki ba a gaban fanka ba. Don gane ko ta yi datti, ki sa f/22, ISO 100, ki ɗauki farin bango ba tare da fokas ba. Ɗigon da ke wuri ɗaya a kowane hoto, a kan sensa yake. A f/2.8 ba ya fitowa, a f/11 na hoton ɗinki zai fito ƙarara.

Gogewa mataki biyu ce. Da farko abin hura iska na roba, kyamara a kife, hurawa 5 ko 6, bakinsa kada ya taɓa komai. In bai fita ba, sandar goge sensa mai faɗin milimita 16, ɗigo 1 ko 2 na ruwan da aka yi don haka, a ja sau ɗaya daga gefe zuwa gefe, a juya ɗaya fuskar a dawo, a jefar. Ban da hurawa da baki, yawu na barin tabo. Ban da audugar kunne, ban da iskar gwangwani, ban da bakin mayafi.

Da damina kuma abokin gaba danshi ne, yana sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashi kamar saƙar gizo. Roba mai murfi da ke rufewa ruf, da 'yan ƙullin silika a ciki, ana busar da su lokaci-lokaci, ta isa. In za ki sayi lensin hannu, ki haska tocila ta bayansa ki leƙa ta gaba, in kin ga zare-zare fari ki ajiye shi komai arharsa. Ki ɗora shi a kyamara, ki rufe zuwa f/16 ki ɗauki hoto 3 a jere, in haskensu ya bambanta, ganyen buɗinsa na maƙalewa.

Ɗan Studiyo

Na karɓi gyaran Tsohon Hannu a kan 35mm, ga aikinta ya fi. Sai dai ta ce abin da zai yi saura kaɗan ne, don haka ga yadda nake ganin jerin sayayyar. Kyamara da 18-45, adaftar AD-E1, batir na biyu, katin V30. Waɗannan a rana ɗaya. Hoton zare kusa-kusa ya ci gaba da zama aikin G12 har kuɗin 35mm ya taru. In ba za ki iya jira ba, 50mm.

Dalilin da ya sa na sa adaftar gaba da lensi shi ne, da filasha a kai raunin f/6.3 ba ya damun kowa. Ki sa M, wato saitin hannu, shota 1/125, f/5.6, ISO 1600, filasha a E-TTL, inda take auna ƙarfinta da kanta. Ki ɗaga kanta sama wajen digiri 60 zuwa 75 ta bugi farin silin, hasken ya sauko a hankali. 430EX II ba ta da farin kati a jikinta, sai ki ɗaura farar takarda mai kauri a bayan kanta da roba, ta leƙo kamar yatsa huɗu, don ta turo ɗan haske cikin ido. ISO 1600 ɗin shi ke sa bayan ɗaki ya fito, filasha kuma ta yi saurin sake cika. A G12 ba za ki iya haka ba, shi ya sa hotunanki na dare ke fitowa fuska fari fat, baya baƙi ƙirin. In rumfar ja ce ko kore, kada ki buga mata haske, launinta zai zubo a fuskoki. Ki miƙe kan filashar gaba, ki sa mata abin tausasa haske, ki rage ƙarfinta da kashi biyu cikin uku na mataki. Jan hasken da filashar ke fitarwa don taimakon fokas ba ya aiki da R50, ki nemi gefen fuska da fitila ke haskawa ki kama fokas a nan.

Farar shadda da farin leshi suna ruɗar ma'aunin haske, kyamara ta ga fari ya yi yawa ta rage, fuska ta yi duhu. Ki ƙara wa filasha +2/3 a irin wannan, ki duba hoton a allo ko aikin wuyan rigar bai shafe ba. In ya shafe ki dawo +1/3, ki ɗaga fuskar a kwamfuta. Don haka ne ya kamata ki ɗauki C-RAW tare da JPEG, fayil ɗin bai kai cikakken RAW nauyi ba, kuma yana jure ɗaga inuwa fiye da na G12 sosai. Fayilolin R50 CR3 ne, na G12 CR2. Photoshop CS6 da Lightroom 6 ba sa buɗe CR3. Ki sauke Digital Photo Professional 4 na Canon, kyauta ne, ko Adobe DNG Converter ya juya miki su.

Launin yadi kuma, kowace kyamara kika ɗauka, ki shimfiɗa farar takarda a inda kayan za su kwanta, ki sa kyamarar ta auna fari daga takardar. Ki kashe fitilar ɗaki in da hasken taga kike aiki, domin haske iri biyu a kan yadi ɗaya shi ke sa shuɗi ya koma ruwan hoda a wayar mai saye.